Darasi na 7: Ganyen kuɓewa, yakuwa da rama idan ya canza kama

Kuɓewa, yakuwa da rama dangin auduga ne. Ƙwarin da ke damun auduga a gonakin Jazira da ke ƙasar Sudan su ne ke shigowa jubraka, ƙaramin lambun bayan gida, a Maiwurno da Gadarif. Saboda haka kafin ku sayi magani, ku juya ganye ku duba bayansa da sassafe.

Ɗigo-ɗigo a ganye

Baƙi-baƙi kamar kunkunniya a bayan tsohon ganye funfuna ce, tana zuwa da damina idan shuka ta cunkushe. Fari-fari kamar an barbaɗa gari kuma yakan zo lokacin ɗari. A tsinke ganyen da ya kamu a ƙone, a riƙa ba da ruwa a gindi. Ga mai farin gari, a dama giram 3 na farar wuta ta feshi cikin lita 1 ta ruwa. Kada a fesa da tsakar rana, zai ƙona ganye.

Rawaya ba kullum cuta ba ce. In ganyen ƙasa ne ya fara, shuka na son taki. In sabon toho ne ya yi fari-rawaya amma jijiyoyinsa kore, sinadarin ƙarfe ne bai isa ba, abin da ake yawan gani a baƙar laka, musamman idan ruwa ya kwanta. A rage ban ruwa, a zuba ruɓaɓɓen taki.

Ƙudundunewa

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ku girgiza shukar. Idan ƙananan fararen ƙudaje suka tashi, kuma jijiyoyin bayan ganye sun yi kauri, shukar ta tsumbure, to cutar naɗe-ganye ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Ba ta da magani. A tumɓuke shukar a binne, ko da ta fara fure. Abin da ciwo, amma barin guda ɗaya yakan cinye layi duka.

Idan gefen ganye ya yi rawaya, ya koma ja, ya lanƙwashe ƙasa, ku nemi ɗan koren ƙwaro mai tafiya a karkace. Idan ganye yana danƙo, tururuwa na hawa, darɓa ce, ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira asala. Waɗannan biyu suna jin darbejiya: a daka giram 50 na ƙwallon 'ya'yanta, a jiƙa cikin lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa bayan ganye da yamma duk kwana 7.

Akwai kuma wanda ba ƙwaro ba. Sabon ganye ya fito siriri, a murɗe kamar tsumagiya, kuma duk shukokin gefe ɗaya sun yi haka lokaci guda. Wannan maganin ciyawa ne, 2,4-D, da iska ta kwaso daga gonar dawa, ko ya saura cikin famfon feshi. Ku ware famfo guda don lambu kawai.

Abin da ya zo daga iri

Wani lokaci shuka guda takan tsiro da ganyen farko uku maimakon biyu, ko reshe ɗaya ya yi zanen fari da kore, ko kara ya yi faɗi kamar an danne shi. Ku ɗaura mata tsumma don alama, ku jira kwana 14. Idan babu ƙwaro, kuma na kusa da ita lafiya lau, halittarta ce, ba ta yaɗuwa. A ci amfaninta, amma kada a ajiye irinta.

Rama kuwa takan fara da ganye dunƙulalle, sannan na sama ya rabu yatsu-yatsu. Girma ne kawai. Wasu kan tsorata don ya yi kama da na wiwi, bango ke nan, wanda doka ta haramta. Ba su haɗa dangi ba. Furen rama babba ne, mai ja a tsakiya, irin na kuɓewa.