Fitar da iska daga kulochin motar tsere: kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne a yi wa kulochi irin bilidin (fitar da iska) da ake yi wa birki, wato a ce wa mai taka feda "buga, buga, riƙe" sannan a buɗe nono, ƙaramin notin da iska ke fita ta cikinsa. Birki yana da abin tokarewa: da zarar ya cafke faifai, feda ya tsaya. Kulochi kuwa babu abin da zai tsayar da shi sai sifirin ɗinsa. A motocin tsere da yawa silindar ƙasa, wadda mai ke turawa ta danna kulochi, tana cikin kaskon da ya haɗa inji da giyabos, ita da boris ɗin da ke danna sifirin abu ɗaya ne, kuma kulochi mai faifai biyu ko uku mai faɗin inci 5.5 ko 7.25 tafiya kaɗan yake so ya saki. Idan aka dinga dukan feda da ƙarfi nono yana rufe, yatsun sifirin za su lanƙwashe fiye da ƙima, ko fistin ya zarce robarsa mai ya tsiyaye a ciki. Sauke giyabos ke nan saboda aikin minti goma. Bugun gaggawa kuma yana farfasa iskar ta koma ƙananan kumfa waɗanda ba sa fita da wuri.

Ga yadda ake yi. A cika kofin masta (silindar sama da feda ke turawa) da man birki, a zura tiyo mai garai-garai a kan nono, a tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai a ƙasa. A ɗora ƙafa a hankali, daidai yadda boris zai taɓa sifirin ba tare da ya danna shi ba. A buɗe nono rubu'in zagaye, a kai feda ƙasa sannu a hankali, a rufe nono, sannan a ɗaga ƙafa. A dakata daƙiƙa huɗu ko biyar masta ta sake shan mai. Wanda ya ɗaga ƙafa kafin a rufe nono ya zuƙo iskar da ya fitar. A riƙa leƙa kofi bayan kowane taku uku, domin kofin kulochi ƙarami ne, idan ya ƙafe an koma farko.

Wani lokacin hannu daidai yake, shimfiɗar bututu ce matsalar. Iska sama take hawa. Silindar cikin kasko tana da baki biyu, kuma na bilidin dole ya zama na sama. Idan aka juya su, ko kwana za a yi ana takawa mai mai tsabta zai yi ta fita, iska tana nan maƙale a saman fistin. Haka ma tiyon da ya yi doro ya fi masta tsayi: a kwance shi a miƙar, ko a ɗaga motar ta gefen da zai sa nono ya zama ƙololuwa. Idan ta ƙi, a tura mai daga ƙasa da babban sirinji ta cikin nono, kumfa su fito ta kofi, amma a rage man kofin tukuna don kada ya malala, yana cin fenti. Sabuwar masta kuwa a fara cire mata iska a kan benci kafin a ɗaura.

Masu amfani da famfon da ke zuƙo mai ta nono suna yawan ruɗewa da kumfar da ba ta ƙarewa. Sau da yawa ta gefen haƙoran nono take shiga, daga waje. A shafa ɗan giris irin na birki a gindin nonon, a ƙarasa da taku biyu ko uku na ƙafa.

Sai batun mai, wanda ake rainawa. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna gauraya. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, man inji ko na sitiyari kuma kumbura robobi yake yi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 na Salsiyas, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko zuwa 155. Shi ya sa kwalbar da ta daɗe a buɗe ba ta da wuri a motar tsere. Fedan da yake da kyau da safe ya yi laushi bayan zagaye goma na filin tsere, tafasa ce: a duba ko bututu ya kusanci salansa, a nisanta shi ko a sa masa rigar kare zafi, a canja man gaba ɗaya.

Ba kowane laushi ne iska ba. Idan taku biyu a jere suka gyara shigar giya, iska ce. Idan an riƙe feda yana nitsewa a hankali kuma babu yoyo a waje, robar masta ce ta mutu. Idan kuma mai ya ƙi saukowa daga kofi sam, a duba sandar da ke tura fistin masta: an ɗaure ta da yawa ta toshe ƙaramin ramin da mai ke shiga. A sassauta ta a bar ɗan wasa kamar milimita 1, in ba haka ba mai zai yi zafi ya kumbura, kulochi ya fara sulɓewa.

Bayan an gama kada a kunna inji sai an saita matsayar feda, wato notin da ke hana feda wuce ƙima. A ɗaga tayoyin da ke jan motar, a sa giya ta ɗaya inji a kashe, mutum ɗaya yana ƙoƙarin juya taya, ɗayan yana danna feda a hankali. Inda tayar ta saki, a ƙara kamar milimita 6 a bakin feda, a ɗaure noti a nan, sannan a leƙa ƙasan kasko da tocila a tabbata babu ɗigo.