Babi na Bakwai: Wace Tukunya Ce Ke Hawa Rishon Lantarki?

Darasi na 1: Ku fara gane rishonku

Kowa ta buɗe littafinta, ta ɗora yatsa a kan layin farko. Ba sauri muke yi ba. Wadda ba ta gane ba ta ɗaga hannu, matambayi ba ya ɓata.

Rishon da ke aiki da wutar Nepa iri uku muke gani a gidaje yanzu, musamman a kayan ɗakin amare. Na farko shi ne mai baƙin faifan ƙarfe a sama, ko mai ƙarfe a nannaɗe kamar maganin sauro na kunnawa. Shi ake ce wa hotfilet. In an kunna shi, faifan ne ke yin zafi, sannan ya ba tukunya. Na biyu samansa gilashi ne, in an kunna sai ya yi jajir kamar garwashi. Na uku shi ma gilashi ne, amma ba ya yin ja ko kaɗan. Sunansa indakshan. Mu faɗa tare: in-dak-shan. A jikin kwalinsa za ku ga haruffan nan tara: INDUCTION. Ku kwafe su a littafin rubutu sau uku.

Na biyu da na uku kamarsu ɗaya, su ke rikita mutane. Ga yadda ake bambance su. A kunna rishon ba a ɗora komai ba, a ja da baya, kada a taɓa. In ya yi ja, na biyu ne. In kuwa ya kama kuka, ƙit, ƙit, ƙit, ko ya nuna harafin E da wata lamba, can kuma ya yi shiru, to indakshan ne. Bai lalace ba. Tukunya yake nema.

Na farko da na biyu ba su da tsirfa sosai, in dai gindin tukunya a shafe yake za su dafa. Indakshan shi ne mai zaɓe. Ba shi ke yin zafi ba, tukunyar ce ke zafafa kanta idan ƙarfin da ke fitowa daga ƙarƙashin gilashin ya kama ƙarfenta. Bayanin masana ke nan a taƙaice, ba sai mun zurfafa ba. Abin da ya shafe mu shi ne ba kowane ƙarfe yake kamawa ba.

Darasi na 2: Gwajin mayen ƙarfe

Wannan darasin shi ne uwar babin. In kun riƙe shi, sauran masu sauƙi ne.

Mayen ƙarfe shi ne maganaɗisu, ɗan baƙin abin nan da yara ke jan allura da ƙusa da shi. Ba sai kun saya ba. Akwai shi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo, mai gyaran rediyo zai ciro muku. Akwai shi kuma a bayan ƴan kayan adon da ake mannawa a ƙofar firji. Ƙarami ya isa.

Ga yadda ake yi. A ɗauki tukunyar, a cire murfin a ajiye gefe. A kifa ta, gindinta ya kalli sama. A ɗora mayen ƙarfen a tsakiyar gindin, ta waje. Sannan a ɗaga tukunyar a juyo ta daidai, kamar za a ɗora ta a wuta. In mayen ƙarfen ya maƙale gam bai faɗo ba, wannan tukunya za ta yi girki a indakshan. In ya faɗo, ba za ta yi ba. In ya ɗan kama sama-sama, ana girgizawa ya zame, ku bar ta, za ta ba ku wahala.

A ina ake ɗorawa? A gindi. Ta ina? Ta waje. Mu sake faɗa: a gindi, ta waje.

Na san abin kamar wasa, amma a nan ake faɗuwa. A wani aji da na koyar, wata Hajiya ta je kasuwar Sabon Gari ta sayo wa ƴarta saitin tukwanen silba masu ƙyalli. Ta zo tana murna ta ce, “Malama, na gwada kamar yadda kika ce, ya kama.” Na ce, “Hajiya, nuna mini inda kika ɗora.” Sai ta ɗora a kan mariƙin. Ya kuwa kama. Muka kifa tukunyar muka ɗora a gindi, sai ga shi a ƙasa, tim. Mariƙin ƙarfensa daban, tukunyar ƙarfenta daban. Ba mariƙi ke zama a kan risho ba, ba murfi ke zama a kan risho ba, gindi ne. Saboda haka a gindi ake gwadawa.

Akwai kuma akasin haka. Wata tukunyar in kun ɗora a gefenta sai ya faɗo, ku ce ba ta da amfani, alhali an manna mata faifan ƙarfe a ƙasa. Kaskon suya na zamani, wanda abinci ba ya kamawa a cikinsa, yawanci alminiyam ne, amma wasu in kun kifa su za ku ga farin faifai mai ƴan ɗigo-ɗigo a gindi. Wannan faifan shi ke kamawa. Da kun tsaya a gefe da kun bar kaya mai kyau a kasuwa. Kun ga dalilin da ya sa nake ta nanata gindi?

Tukunyar dalma, wadda maƙera ke zubawa, wadda kusan kowane gida da ita ake tuwo, mayen ƙarfe ba ya kama ta. Ba laifinta ba ne, tana nan da amfaninta a gawayi da gas. Tukunyar ƙasa ba ta yi. Ta gilashi ba ta yi. Baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyi tana yi. Samira mai fenti tana yi, don ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, sai dai marar kauri tana saurin ƙona miya. Silba kuwa ba ta da tabbas, wata ta kama, wata ta ƙi, kuma ido ba ya rabe su. Sai an gwada.

Wasu tukwanen akwai zane a gindinsu, kamar waya ce aka murɗa lanƙwasa huɗu ko biyar a jere. Alamar indakshan ce. Ko kun gan ta, ku gwada, ba kuɗi ake biya ba.

Mai shago zai ce, “Hajiya, wallahi wannan kowane risho take hawa.” Kada ku yi musu da shi. Ku ce, “To Alhaji, bari in gani da idona,” ku kwance bakin zani ku fito da abinku. Gani ya kori ji. Kuma saiti in tukunya biyar ne, biyar ɗin za a kifa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramar.

Yanzu zan faɗi gaskiya, kowa ta yi haƙuri. Mako uku ina wannan bayanin, ranar gwaji na miƙa tukunya, mutum bakwai suka jefa mayen ƙarfen a cikinta kamar gishiri. Haba jama'a! Ku da ke riƙe lissafin adashi na mutum ashirin a ka, kalma huɗu ce za ta gagare ku? A gindi, ta waje. Wadda ta sake jefa mini shi a cikin tukunya, ita za ta share aji.

Darasi na 3: Gindi shafaffe

Wannan ya shafi rishon duka ukun. Tukunya mai kumburarren gindi, irin ta murhun duwatsu, ɗan wuri kaɗan take taɓawa, sai wuta ta yi ta tafiya a banza ruwa bai tafasa ba. A ɗora tukunya a kan tebur ko daɓen siminti shafaffe, a danna gefenta da yatsa. In tana rawa, ba ta yi ba. Ko kuma a kifa ta a gitta rula a kan gindin, a duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi da yawa.

Tukunya mai ƙafa uku ba ta hawa. Tandar waina mai ƙulu-ƙulu a ƙasa ita ma a bar ta a gawayinta. Tukunyar da ta sha itace sai an kankare baƙin tas, an shanya, kafin ta hau gilashi. Kuma ɗagawa ake yi, ba a ja. Ja yana karce gilashi.

In indakshan ne, shafaffen gindi kaɗai bai wadatar ba. Me za a ƙara? Kun sani. A gindi, ta waje.

Darasi na 4: Girman tukunya

A kan gilashin akwai da'ira da aka zana. Gindin tukunya ya yi daidai da ita, ko ya fi ta kaɗan. Wadda faɗin gindinta bai kai santimita 12 ba, indakshan da yawa ba sa jin an ɗora ta. Ku ari tef ɗin tela ku auna. Tukunyar biki ba wurinta ba ne. Tuwon gida mai yawa ma, tuƙi da muciya yana buƙatar dannawa, gilashi kuwa ba ya son haka.

Darasi na 5: Wuta

Ku duba ƙarƙashin rishon, akwai lamba da harafin W, mai nuna ƙarfin wutar da yake ja, misali 1500W ko 2000W. Mai 2000W in ya yi awa ɗaya a ƙarshen ƙarfinsa, yunit biyu ya ci a mita. A sa shi a soket na bango shi kaɗai. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukar sa. Mai na'urar taimakon bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likita kafin ya yi girki da indakshan.

Darasi na 6: Wanki

A kashe, a zare, a bari ya huce, a goge da tsumma mai ɗanshi. Ban da soson ƙarfe.

Aikin gida

Kowa ta gwada tukwane uku na gidanta. Ta rubuta sunan kowace, a gabansa ta rubuta “ya kama” ko “ya faɗo”. Ranar Asabar a zo da littafin, da mayen ƙarfen, da ɗaya daga cikin tukwanen.