Idan Ɓarɓashin Ƙarfe Ya Shige Ido: Kurakuran da Ke Cinye Gani

Makanike ya buga guduma a kan ƙarfe, ya ji abu ya tsikare shi a ido, ya murza, hawaye ya ɗan zubo, ya koma aiki. Kuskure na farko ke nan, kuma shi ya fi damuna. Ɓarɓashin da ya taso da ƙarfi yana iya huda ido ya wuce can ciki, ƙofar da ya bi ta rufe kanta, ba jini ba zafi sosai. Can baya kuwa akwai retina, wato siririn tantanin da ke ɗaukar hoton abin da muke gani. Abin da ya mutu a jikinta ba ya sake tsirowa. Ƙarfen da ya zauna ciki yana sakin tsatsa mai kashe ta a hankali cikin watanni, in ma ƙwayoyin cuta ba su riga sun cika idon da mugunya cikin kwanaki ba. Don haka a je asibiti a ranar, ko da ana gani garau.

Sai taimakon 'yan uwa: wani ya hura, wani ya sa harshe, wani ya kawo maganaɗisu ko tsinken ashana, wata ta ɗiga nono. Duk dannawa tana iya matso abin da ke cikin ido waje ta jawo retina. Kada a murza, kada a ɗaure da tsumma tamau, kada a ɗiga maganin kemis. A yanke gindin kofin roba a kifa a kan idon, a manne da filasta. A dakata da ci da sha, domin wataƙila a shiga tiyata.

A asibiti, faɗa wa likita ainihin aikin da kake yi. Hoton CT ake ɗauka, ba na MRI ba. Na'urar MRI maganaɗisu ce babba, za ta iya motsa ƙarfen ya yaga retina. A nemi inda ke da likitan retina, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Masu jinya kan ƙosa su ce a ciro kawai. Ba haka aikin yake ba. Likita yakan fara kwashe ruwa mai yauƙi na cikin ido da ke riƙe da ƙarfen, don kada ya fizgo retina tare da shi. Wani lokaci yakan zuba ruwa mai nauyi ya kare tsakiyar gani, ya kewaye inda retina ta yage da hasken leza, sannan ya cika idon da iskar gas ko man silikon.

Bayan tiyata ma ana ɓata aiki. In an ce ka kwanta rub da ciki, ka daure. Mai gas a ido ba ya hawa jirgin sama, ko na Umara ne, sai likita ya tabbatar iskar ta ƙare, domin tana kumbura a sama. Ka ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru, ko duhu kamar labule yana saukowa ta gefe, koma asibiti nan take, kada ka jira ranar da aka rubuta maka.