Yadda za ka ɗaga yaro zuwa babbar ƙungiya ba tare da an nuka shi ba

Shekara 11 ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 a wani fili a Tudun Wada, nan Zariya. Ƙanina da ke karatu a Edmonton ta ƙasar Kanada ne ya jefa ni kallon ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda suke kira hoki. Da farko ko ɗan faifan robar da suke bugawa ba na gani a waya, sai ƙarti suna sulɓi suna gwara juna da bango. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, da duk kuɗinsu, suke ɓata yara irin ɓatawar da muke yi a nan. Wannan rubutu na koci ne ko uban da yaronsa ya fara tashe.

Idan babbar ƙungiya ta zo neman yaronka, kafin maganar kuɗi ka tambaye su minti nawa zai riƙa bugawa. A NHL ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓar matasa 'yan shekara 18 duk shekara, kuma waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi su suka fi samun zaɓen farko-farko. Ke nan yaron da ya fi kowa yakan faɗa hannun ƙungiyar da ta fi kowa yunwa, ita kuwa ba ta jiran tuwo ya huce. Ƙungiyar Edmonton ta ɗauki Jesse Puljujärvi ɗan Finland a matsayi na 4 a 2016, ta jefa shi cikin manya nan take. Wasa 28 ya buga, ƙwallo ɗaya ya ci, aka sauke shi zuwa ƙaramar ƙungiyarsu ta Bakersfield. Shekara uku yana hawa yana sauka, a 2019 ya tattara ya koma gida. Wasan minti 60 ne, amma ɗan sahu na huɗu, wato rukunin ƙarshe na 'yan gaba da ake sakawa bi da bi, da ƙyar yake samun 10. Mangwaron da aka tsinka ɗanye aka nuka a buhu, bawonsa ja, cikinsa tsami.

Na biyu, ka sa wa gwaji wa'adi. Wannan daga wurinsu na aro. Ɗan shekara 18 ko 19 yana iya buga wasa 9, idan ya buga na 10 shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ci. Saboda haka dole ƙungiya ta yanke shawara da wuri. Ni wasa biyar nake sawa. Bayan biyar ɗin mu zauna, idan yaron bai buga biyu cikakku ba, ya dawo wurin tsaransa, ba faɗa ba gaba.

Sai ka nemo masa matakalar tsakiya, kuma nan ne na fi so a tsaya. Shekaru da dama akwai yarjejeniyar da ta hana tura ɗan ƙasa da shekara 20 da aka zaɓo daga gasar matasan Kanada zuwa AHL, gasar da ke bin NHL. Ko dai manya, ko ya koma cikin yaran da ya riga ya fi ƙarfinsu. Haka ta faru da Shane Wright da Seattle ta ɗauka a 2022: wasa 8 kacal ya buga musu, sau da yawa yana zaune yana kallo, sai a Janairun 2023 aka mai da shi gasar matasa, inda ya buga wa ƙungiyar Windsor. Mu babu dokar da ta ɗaure mu. Yaro zai iya atisaye da manya Talata da Alhamis, ranar Asabar ya buga minti 90 da tsaransa. Ya ji nauyin kafaɗar manya, ƙafarsa kuma ba ta manta ƙwallo ba.

Ni da tsada na koyi wannan. Akwai wani bahagon yarona ɗan shekara 15, idan ya yanke ka sai ka nemi takalminka. Wata ƙungiya ta zo, mahaifinsa ya ce min, "Malam Koci, arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa, mu ce ba ma nan?" Na ce, "Baba, a ba shi shekara ɗaya tukuna." Ya yi shiru, ni kuma na ji kunya na saki. Wata shida yaron yana ɗaukar wa manya jarkar ruwa. Da ya dawo, ƙwallo na zuwa ƙafarsa sai ya waiga benci kafin ya taɓa ta.

Waigen nan yana da tushe: baki ya yi masa yawa. Nail Yakupov shi ne zaɓi na 1 a 2012, ya ci ƙwallo 17 a kakarsa ta farko, fiye da duk sabbin 'yan wasan shekarar. Cikin kaka huɗu a Edmonton ya bi ta hannun koci aƙalla huɗu, kowa da karatunsa. A 2018 ya koma Rasha. Don haka ka tsayar da mutum ɗaya wanda yaro zai riƙa ji daga bakinsa, kuma idan an ɗauke shi don iya yanka, kada a mai da shi mai tsaron baya a mako na biyu don an rasa mutum.

Masu haƙuri ma akwai. Detroit ta zaɓi Pavel Datsyuk a matsayi na 171 a 1998, ya ci gaba da bugawa a Rasha har 2001, ya zo yana ɗan shekara 23, suka ɗauki kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, a kakarsa ta farko. Amma kada ka fake da wannan ka riƙe yaro don yana ciyo maka kofin unguwa. Ranar da ka ga ya daina zufa a cikin tsaransa, lokacin tafiya ya yi.

Ka sayi littafin rubutu na 'yan firamare. Kowane yaro shafinsa: kwanan wata, minti nawa ya buga, a wace lamba. Wanda ya tafi aro, ka kira shi daren Lahadi ka cike masa nasa. Mako uku a jere babu abin rubutawa, ranar Litinin ka hau mota ka je ka ga kocinsu da littafin a hannunka.