Kurakuran makunni da ke sa inji ya tashi da kansa a shagunanmu

A Gombe, kamar sauran garuruwan da ke shan wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, wato JED, ana ɗaukewa a kawo ba sallama. Duk wanda zai haɗa makunnin injin zarto, injin fere katako ko injin niƙa, daga nan ya kamata lissafinsa ya fara: idan aka ɗauke wuta injin yana aiki, me zai faru a lokacin da aka dawo da ita?

Kuskuren da ya fi yawa, tun daga shagunan 'yan katako har na masu walda a Jekadafari da Pantami, shi ne ɗora wa babban inji makunni irin na ƙwan fitila, wanda in ka danna shi yake zama a danne. An ɗauke wuta, zarto ya tsaya, kowa ya watse neman inuwa, ba wanda ya tuna ya kashe. Yaron shago ya ga dama ta samu, ya sa hannu yana kwashe dusar katako a ƙarƙashin haƙoran zarto. Daidai nan za a kawo wuta, ko maigida ya sauya layi zuwa janareta daga bayan shago inda ba ya ganin kowa.

Maganinsa shi ne makunnin maganaɗisu, wato kontakta da maɓallai biyu, kore da ja. In ka danna kore, wuta ta shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin kontakta, koyil ya zama maganaɗisu ya ja ƙarafan haɗi su manne, inji ya tashi. A jikin kontakta akwai wani ƙaramin mahaɗi da ake ɗaurawa kafaɗa da kafaɗa da koren maɓalli, shi ke ci gaba da ba koyil wuta bayan ka ɗaga yatsa. Da zarar wuta ta ɗauke, maganaɗisu ya saki, sifirin ya tura ƙarafan baya, ƙaramin mahaɗin ma ya buɗe. Ko an kawo wuta bayan daƙiƙa ɗaya, injin ba zai motsa ba sai mutum ya zo ya sake danna kore da hannunsa. Masu gyaran wuta da yawa sun san kontakta, amma sai su haɗa koyil ɗinta da makunni mai zama a danne, su tsallake ƙaramin mahaɗin. Kuɗin kontakta ya tafi, haɗarin yana nan daram.

A duba lambar da ke jikin koyil kafin a saya. Akwai na 220 zuwa 240, akwai na 380 zuwa 415 na injinan layi uku, kuma ba a musanya su.

Sai kuma abin da ya fi ba ni takaici. In wuta ta zo ba ƙarfi, kontakta takan riƙa kakkarwa tana ƙara, domin an ƙera ta ne ta kama sosai daga kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta mata. Maimakon a jira wuta ta daidaita ko a tayar da janareta, sai wani ya fere ɗan itace ya tokare ta. To daga nan jan maɓalli ya zama ado, ko ka danna ba abin da zai kashe, na'urar da ke kare motar injin daga lodi ma ta tashi daga aiki, ga kuma motar tana jan wuta fiye da kima har ta ƙone. In ka buɗe akwati ka ga tsinke ko guntun katako a bakin kontakta, cire shi kafin komai. Wani lokaci ma ba ƙarancin wuta ba ne, dusar katako ce da ƙurar hunturu suka cika fuskar maganaɗisun. Akwati mai rufi da roba a baki yana raba ka da wannan.

Ita na'urar lodin tana da saiti biyu na komawa aiki bayan ta yanke wuta, na hannu da na kai-tsaye. A bar ta a na hannu, don kada ta huce ta mayar da wuta alhali mai gyara yana cikin inji.

Maɓallan su ma ana kuskure wajen dasa su. Kore ya zama a nutse cikin zobensa, yadda gwiwar hannu ko tsinin katakon da aka ɗauko ba za su danna shi ba. Ja kuwa ya fito fili, mai faɗin kai, a inda mai aiki zai buge shi da tafi ko cinya ba tare da ya miƙa hannu ta saman zarto ba. Jan maɓalli kuma a haɗa shi ta mahaɗin da yake a rufe kullum, danna shi ne ke yanke wutar koyil. Hikimar ita ce in ɓera ya ci wayar ko ta tsinke, inji zai tsaya. In aka yi akasin haka, waya za ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da ake neman agaji. Maɓallin gaggawa ja ne a kan rawaya, yana maƙalewa in an buga shi, kuma murɗa shi a sake shi bai kamata ya tayar da inji ba. Makunnin ƙafa, in akwai, a yi masa rumfar ƙarfe.

Makunni a kan waya mai wuta ake sa shi. In aka sa a kan ɗaya wayar, wato nutural, injin zai tsaya amma cikinsa na ɗauke da wuta.

Kayan hannu ba su da kontakta, don haka ɗabi'a ce ke tsare mutum. Ƙaramin injin yankan ƙarfe mai faifai milimita 115 yana juyi kusan 11,000 a minti ɗaya. Mai makunnin turawa yana maƙalewa a kunne, in aka ajiye shi a ƙasa lokacin da aka ɗauke wuta, ana kawowa zai zabura ya bi ƙafafun mutane. In za a sayi sabo, a nemi mai makunnin da sai ka riƙe yake aiki, ko wanda aka rubuta cewa ba ya tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta. Ɗan maɓallin da ake fara dannawa kafin kunamar zarton hannu ta ja, kada a naɗe shi da salatif wai yana gajiyar da yatsa. Canza faifai kuwa sai an zare filogi, a ajiye shi inda ido ke ganinsa.

Ranar gyaran babban inji, jan maɓalli bai isa ba. A sauke babban makunnin bango, a sa masa kwaɗo, mukullin ya kwana a aljihun mai gyara, ba a hannun maigida ba. Sannan a danna kore a gani ko zai motsa.

Gwajin duk wannan ba ya cin kuɗi. Kowa ya ja baya, a kunna injin ba kaya a kai, a kashe wuta daga bango, a jira ya tsaya cak, a mayar. In ya tashi ba wanda ya taɓa shi, a kira mai wayarin ya sake haɗin kafin a ɗora masa katako.