Kafin ka sayo wa sabon ɗan hawa keken tsere, auna shi tukuna

Tunda aka cire tallafin mai a 2023 ƙanina ya jingine mashin ɗinsa a zaure yace Yaya nima fa keke zan koma, irin naka mai lanƙwasasshen kai, in dinga zuwa makarantar da nake koyarwa, ranar Asabar kuma in bika mu motsa jini. Rabonsa da keke tun Phoenix ɗin Baffa da muke zura ƙafa ta ƙasan ƙarfe muna yara. Naji daɗi sosai dan na daɗe ina neman abokin tafiya, sai nayi gaggawa na bashi tsohon kekena lamba 56, wato lambar girman jikin keke, alhali ni dogo ne shi kuma ko kunnena bai kai ba. Sati biyu yaron nan ya dawo min da keke, wuya na ciwo, tsintsiyar hannu na ciwo, yace shi ba zai iya ba. Abin ya dameni wallahi, dan nasan keken ne bai dace da jikinsa ba kuma ni na ɗora shi akai. Shi yasa duk wanda zai saya wa ƙaninsa ko amininsa ko 'yarsa nake roƙonsa dan Allah ya fara daga awo, zancen fenti da suna ya biyo baya.

Awon ba wuya, tef ɗin tela kawai zaka ara. Ka tsayar dashi jikin bango ba takalmi ka auna tsayinsa da santimita. A ƙiyasi wanda yake tsakanin 165 da 170 lamba 52 ce tasa, daga 170 zuwa wajen 177 lamba 54, daga nan zuwa 183 sai 56, amma kamfani kamfani suna ɗan bambanta dan haka lambar jagora ce kawai. Awo na biyu shine wanda mutane basa yi kuma ya fi na farkon amfani, ka bashi littafi mai kauri ya matse tsakanin cinyoyinsa ya ɗaga sama kamar yana zaune kan sirdi, ka auna daga saman littafin zuwa ƙasa. Abin da ka samu ka ninka da 0.883, shine tsayin sirdi daga tsakiyar faifan gaba, inda sandunan feda suka haɗu da jikin keke, zuwa saman sirdin. Ƙanina 78 ya bayar, kaga sirdinsa zai tsaya wajen 69 kenan. In lissafin ya dameka akwai hanyar gargajiya, ya zauna ya ɗora dunduniya akan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunsa ya karkace ba. In ya dawo da gaban ƙafa kan fedar zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, toh nan ne daidai.

Ka tafi dashi kasuwar. Kar ka saya a hoton WhatsApp, kar kace ai zanyi masa bazata. Mu ranar da muka shiga Kano wajen masu kekunan gwanjo na Sabon Gari abin da na fara sa shi yayi shine ya tsallaka keken ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa, dole a samu rata kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙarfen sama. In ƙarfen na taɓa shi a ajiye keken komai kyansa, dan sabon ɗan hawa yawan dirowa yake ba shiri. Sannan ya hau ka riƙe masa, ya ɗora hannu a saman kahon birkin nan, ka tsaya gefe ka kalle shi. Gwiwar hannu ta ɗan saki, kafaɗa kar ta ɗage zuwa kunne, yatsunsa su kamo birki ba sai ya miƙa ba. In yana tsakanin lamba biyu ɗauki ƙaramar, ƙaramin keke ana ɗaga masa sirdi a canza wuyan kai ya zauna, babba kuwa ba yadda zakayi dashi. Mai kayan zai ce maka Alhaji ai zai saba, nima an faɗa min, kayi masa godiya ka cigaba da duba wani.

Yanzu taya, nan ne namu ya bambanta da na mutanen birni. Keken tsere lambar girman ƙafarsa 700c ce, kuma tsofaffin da ake kawowa yawanci da siririyar taya mai lamba 23 ko 25 suke zuwa, wato faɗinta a milimita, an yi su ne dan kwalta mai santsi. Mu kuma daga ƙofar gida zuwa bakin titin Ringim sai ka ratsa burji da yashi, ga tsidau da ƙaya a gefen gona, in damina ta wuce gefen kwaltar ma duk ya zaizaye. Siririyar taya a yashi nutsewa take ta karkatar da kan keke, wanda ya saba zai iya riƙewa amma sabo faɗuwa zaiyi, kuma faɗuwa ɗaya a gaban 'yan majalisa ta isa tasa mutum ya haƙura da keke gaba ɗaya. Saboda haka ka leƙa ka duba ratar dake tsakanin taya da ƙarfen gaba, da tsakaninta da birki, ka nemi keken da zai ɗauki 28, in ka samu mai ɗaukar 32 ka riƙe shi da hannu biyu. Idan hanyarku rabinta burji ce ni shawarata ma ka haƙura da lanƙwasasshen kai, akwai masu ƙafar 700c ɗin amma kansu miƙaƙƙe da taya mai kauri, suna gudu a kwalta kuma mutum yana zaune yana ganin gabansa. 'Ya mace mai zuwa makaranta da hijabi da dogon siket kuwa wanda ƙarfen samansa ya sauko ƙasa shine daidai, a sa masa murfin cen.

Wani abu da yake cin mutane, tayar Phoenix mai inci 28 bata shiga gargaren 700c, faɗin gargaren waccan milimita 635 ne, wannan 622, akwai ma tsofaffin kekuna masu inci 27 da suke 630, duk rubuce yake a gefen taya. Ka karanta kafin ka biya, in 630 ka gani ka tabbata kasan inda zaka samo tayarsa. Bawul ɗin ma siriri ne, Presta ake ce masa, famfon mai facin ƙauye baya kama shi sai da ɗan ƙaramin bakin da ake ɗaurawa, dan haka a ranar ka haɗo da bakin nan guda biyu da tif biyu da ƙaramin famfo.

Giya kar ta ɗauke maka hankali. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ba wajen duwatsun Dutse ko Kazaure ba babu hawan da zai gagari mutum, abokin faɗanmu iska ce lokacin hunturu. Cikin giyoyin kamfanin Shimano, Claris mai giya 8 a baya ko Sora mai 9 sun wadatar, cen ɗinsu ya fi sauƙin samu da araha. Tiagra mai 10 da samfurin da ake kira 105 suna da kyau amma sabon ɗan hawa ba zai ji bambancin ba, kuɗin gara ya tafi a taya da hular kwano. Abin dubawa kawai faifan gaba ya zama mai haƙora 50 da 34, tsofaffin kekunan tsere 53 da 39 suke zuwa dashi kuma yana wa sabo nauyi a gwiwa.

Jikin keken kuma, na ƙarfe ko na alminiyam. Ƙarfe yafi nauyi amma in ya tsage mai walda na garinku zai kama maka, alminiyam ba nauyi baya tsatsa sai dai walda irin tamu bata kama shi. Na kabon na hannu ni bana bada shawara ko an karya maka farashi, tsagarsa ɓuya take ƙarƙashin fenti kuma ba mai gyara maka a nan kusa. Kafin ka ciro kuɗi ka ɗaga kowace ƙafa ka juya kaga ko gargare na rawa, ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya kaji ko wuya na ƙwas ƙwas, ka sa a canza giya ɗaya bayan ɗaya, ka bi duk mahaɗar ƙarfe da ido ko akwai tsaga. Sannan kace a kwance sandar sirdi a gabanka ta hau ta sauka, wannan kar ka yarda a ce sai an je gida, da yawa sun daskare a ciki shekara da shekaru kuma in bata motsi duk awon da kayi ya tashi a banza.

In yazo da fedar nan da ake maƙala takalmi a cire a sa mai faɗi ta gida, ka tuna wa mai gyara fedar hagu a juye take kwancewa. Ka kuma gwada wane hannu ne birkin gaba, kekunan da suka fito daga Ingila da Japan dama ne gaba, na Amurka da yawancin Turai hagu ne, ka nuna masa tun a tsaye ya matsa ya gani da idonsa.

Ranar farko kar ka kai shi titi, balle ranar kasuwa da manyan motoci ke wucewa. Mu filin firamare muka je bayan asuba, na sauke masa sirdi kamar yatsa biyu ƙasa da awonsa dan ƙafarsa ta dinga samun ƙasa, na sa shi ya cusa ƙafar wandon dama cikin safa saboda cen, ya ajiye doguwar riga. Tsayawa muka fara koya kafin gudu, birki biyu tare a hankali, sannan canza giya yana kan juya feda ba tare da ya danna da ƙarfi ba. Bayan kwana uku muka fita kwalta kilomita biyar zuwa, biyar dawowa, ni a baya shi a gaba dan gudun ya zama nasa, gora cike da ruwa, mun dawo kafin rana tayi zafi. Mazaunai zasuyi ciwo satin farko, ka gaya masa tun kafin ya ji dan kar ya tsorata, amma in hannu ko gaba ne ke mutuwa toh a tsaya a gyara sirdi ya kwanta daidai a ɗan ɗaga kai. Na ƙanina lamba 52 ne na alminiyam da taya 28, a sati na uku muka mayar da sirdin kan 69 ɗinsa, Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu Taura muka nufa.