Kafin ku sayi sabon batir, ku wanke farantan solarku

'Yan uwa masu sola a gida ko shago, idan wuta ta fara ɗaukewa da wuri a lokacin hunturu, kada ku yi saurin ɗora wa batir laifi. Ku leƙa saman rufi tukuna.

Ku shafa yatsa a kan gilashin. In ya fito da jar ƙasa, to ƙura ce ke tare rana, shi ya sa cajin ba ya cika.

Ku wanke da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da gilashin ya huce. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana yana iya tsaga shi, ga asara. Ruwa zalla da tsumma mai laushi sun isa. Ban da soson ƙarfe, ban da goge busasshiyar ƙura, don yashi yana kartar gilashi. Kuma don Allah kada a taka farantin.

Kashin tsuntsu ya fi ƙura ɓarna. Ƙananan gidajen da ke cikin farantin a jere suke haɗe, in aka rufe guda ɗaya sai ya ja sauran baya. Inuwar reshen darbejiya ko ta tankin ruwa ma haka take yi.

Amma ranar da hazo ya rufe rana, ko an wanke, cajin zai ragu. In kuma na'urar caji tana nuna batir ya cika da azahar amma ya mutu kafin isha'i, mai yiwuwa batirin ne ya gaji, sai a kira mai gyara.